Shanun Da Muka Ɓoye wa Masu Awo

Ni na kawo labarin, shi ya sa har yau ba na iya tattara laifin duka in ɗora wa wani. A lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke bakin gari, shekaruna sun ɗan haura talatin, ga mata da 'ya'ya biyu, ga keke, ga wando mai karin guga, kuma a raina duk rugarmu babu wanda ya san kan gwamnati kamar ni. Wata Alhamis cikin damina hedimasta ya aike ni sakatariya karɓo alli, sai na ga takarda manne a jikin allon sanarwa. Na karanta ta sau biyu a tsaye. An ƙara wa gari iyaka: tun daga gidajen ƙarshe har bakin rafi ya shiga cikin gari, masu awo za su zo ranar Talata, kuma duk mai amfani da wani wuri a tsakanin nan ya hallara a gan shi. Na manta da allin, na hau keke na yi gida.

Wannan tsakanin da takarda ta gama da shi a layi ɗaya shi ne hurumi. Daji ne na ɗorawa da kanya da marke, da wata fadama a gindinsa. Ba gonar kowa ba ne, kuma kowa yana da hannu a ciki. Matan gari suna zuwa itace, masu magani suna ɗibar sassaƙe, mu kuma nan ne mashekarinmu, inda shanu ke zama duk damina idan shuka ta rufe ko'ina. Mu Fulanin zaune ne, gidajenmu na ƙasa da gonakinmu suna gefen hurumin, amma shanu ba su da wani wuri sai shi. Daga tsakiyarsa burtali ya gangara zuwa mashaya, da bini-da-zugu a gefe da gefe. Kakana ne ya roƙi wurin a bakin dagacin zamaninsa, aka ce ya zauna, ya kai karsana ta godiya. Babu wanda ya rubuta komai, don a lokacin babu wanda ya ga dalili.

Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya san Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama da ni mu biyu ba. Ko makarantar ma haka na shige ta: aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, ya ba da wanda ba zai iya nuna ya damu da shi a gaban mutane ba. In ya zama dole ya ambace ni sai ya ce "wancan", bayan na fara aiki kuma ya koma cewa "malamin nan", da wata 'yar murya da ba ka iya rabe yabo ne ko ba'a. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar ana yi. Duk maganar da zan yi masa sai ta bi ta bakin baffana, ƙaninsa, mutum mai sanyin hali wanda in ka ba shi magana da zafinta sai ya hura ta ta huce kafin ya miƙa. Rabin abin da na faɗa a makon nan a hannun baffa ya tsaya.

Bayan la'asar dattawan gidajenmu biyar suka zauna a gindin ɗorawar da ake sallah, na durƙusa daga gefe na yi bayani ina kallon baffa. Na ce ranar Talata kowace saniya ta wayi gari a wurinta, har maruƙa a dangwali, a bar bukkoki da shinge yadda suke, masu awo su gani da idonsu, su zana mana mashekari da burtali a taswira. Na ce abin da aka zana shi ne zai tsira. Na yi ta zuba har da 'yan kalmomin Turanci, don a san ba da ka nake magana ba.

Mahaifina ya bari na gama. Sannan ya ba baffa labarin da baffan ya sani, kowa ma a wurin ya sani. Yana saurayi aka zo da daɗin baki cewa allurar shanu za a yi kyauta, kowa ya fito da garkensa. Suka fito da su. Mai allura yana sokawa, wani a bayansa yana ƙirga wutsiya. Da kaka ta yi, jangali ya zo daidai da wutsiyoyin, har da na waɗanda suka mutu a tsakani, kuma ubansa ya yini a rana a ƙofar fada kafin a sayar da bijimai a fanso shi. Tun ranar ya riƙe abu ɗaya, cewa duk wanda ya zo da takarda yana son ganin shanu, ƙirga su ya zo yi.

Na ce wa baffa ai an soke jangali tun ina makarantar horon malamai. Wannan karon mahaifina bai jira an miƙa masa ba.

"Abin da aka soke da baki, da baki ake dawo da shi," ya ce, yana kallon sandarsa. "Ka tambayi malamin nan, soja ne ke mulki ko ba soja ba?"

Soja ne ke mulki, kuma a shekarun nan ba a wata biyu ba ka ji an fito da wata sabuwar doka ba. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, ni kuma raina yana tafasa, don na san ina da gaskiya, na kuma san a wannan inuwar gaskiyar yaro ba ta kai ƙwayar gero ba, ko da yaron yana da furfura a haɓa.

Mutum ɗaya ne ya goyi bayana, shi ma ba namu ba ne. A bakin fadama akwai wani tsoho Bahaushe da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu. Aka watsa su, shi ya faɗo nan, yana ɗan lambu da rake, yana kamun kifi a rafi. Shi da mahaifina kullum cikin faɗa suke a kan shanu da shingen lambu, kullum kuma tare suke fasa goro. Ranar Asabar ya zo har gida ya zauna tun ba a ce ya zauna ba. Ya ce lokacin da aka zo rubuta gidajensu kafin a saki ruwa, ƙaninsa ya ja ƙofa ya tafi cin rani. Masu rubutu suka leƙa, ba kowa, suka wuce. Da ya dawo ya yi rantsuwa, ya kawo shaidu, aka ce ba ya cikin littafi. Har ya mutu a ɗakin aro yake.

"Ka ji tsoron Allah ka bar shanun nan a gan su," ya ce. "Mutanen nan abin da suka tarar shi suke rubutawa. Wanda ba su tarar ba, babu shi."

Mahaifina ya yi murmushi ya ce ai ba a karɓar jangalin ɗaki, kowa da irin macijin da ya sare shi. Tsohon ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ya tafi ya bar goronsa a tabarma.

Ranar Lahadi na sake gwadawa. Na ce wa baffa to a raba, a kore rabi a bar rabi, in ƙirga ce an rage asara, in zane ne an samu shiga. Ni a ganina na kawo hikimar da ba a taɓa kawowa ba. Baffa ya shiga, bai daɗe ba ya fito, ya ce babba, wato mahaifina, ya ce rabin da aka gani shi ke kiran rabin da ba a gani ba. Na je wurin mahaifiyata, ita kuma kunyarta ta fi tasa. Ta juya mini baya tana wanke ƙwarya, ta ce wa ƙwaryar maganar maza ce. Na yi tunanin in je wurin dagaci a ɓoye in gaya masa, har na fito da keke, na tsaya a ƙofar gida na mayar da shi.

Da asubar Litinin samari suka kora shanun gidaje biyar zuwa wani daji bayan duwatsu, tafiyar yini guda, ana bi da su a hankali tsakanin gonaki kada su taɓa dawar kowa. Da a nan aka tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma mutanena in za su yi abu, yi suke kamar ba gobe. Aka tuge bukkoki, aka kwashe turaku da dangwali, aka ja ƙayar shinge aka zuba a kwazazzabo. Mata suka fito da tsintsiya da kwanduna, aka kwashe kashin shanu na shekara da shekaru aka kai gonaki. Inda aka hura wuta aka turbuɗe tokar, inda kofato ya kwaɓa ƙasa aka ja reshe a kai. Wurin da kakana ya zauna, ubana ya tsufa, muka share shi cikin yini ɗaya. Na ce "muka" domin da ni aka yi. Na taso daga makaranta na tarar da mahaifiyata, da tsufanta, tana rangaji da kwando a ka, na karɓa. Har magariba ina kai taki gona da wandon nan nawa, ina zagi a zuci.

Can ƙasa kuwa tsohon Tiga ya yi nasa shirin. Ya gyara shinge, ya baza komarsa ta kamun kifi a kan itace inda za a hango ta, ya tara 'ya'ya da jikoki, ya ce ranar Talata kowa ya riƙe fartanya ko ba abin da zai noma.

Da hantsi motar ta iso. Mai awon wani siririn mutum ne mai tabarau, daga Kano aka turo shi, da ma'aikatansa masu jan sarƙa da wata na'ura mai ƙafa uku. Wakilin dagaci yana biye, 'yan kallo daga gari suna bayansa. Ya gaida dattawa da kyau, har ya rusuna wa mahaifina. Da ya ji ni malami ne sai ya ce in biyo shi, zai buƙaci wanda zai sa hannu a matsayin shaida. Na ji daɗin wannan, Allah ya yafe mini.

Muka fara daga fadama. Tsohon Tiga ya tare shi da rundunarsa, ya nuna masa kowane fangali da rijiyar da ya haƙa, aka ja sarƙa, aka rubuta. Sannan muka hau mashekari. Mutumin ba wawa ba ne. Ya tsaya a tsakiyar fili ya shaƙi iska, tsintsiya kuwa ba ta share wari. Ƙudaje suna nan, su ba su sami labarin ƙaura ba. Gindin ɗorawa ya yi sumul inda shanu ke susa, ga balbelu tsaye cirko-cirko a fili, farare tas, suna jiran garken da bai fito ba. Ya dube su, ya dubi dattawa, ya tambaya shanun wa ke kwana a nan.

"Na masu wucewa ne," in ji mahaifina. "Sukan yada zango su wuce."

Mai awon ya cire tabarau ya goge. Ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya ya sha magani. Ya ce shi ba haraji ya kawo shi ba. In akwai masu kiwo na dindindin a faɗa masa, ya rubuta gida nawa ne da kimanin shanu nawa, ya fitar musu da wurin kwana da hanyar ruwa a taswira. In kuma babu, dole ya rubuta fili ne, hukuma ta tsara shi yadda ta ga ya dace. Ina jin ya tambayi yawan shanu na san an gama. Na ga kafaɗar mahaifina ta ɗan motsa, na ga dattawa sun saci kallon juna, irin kallon nan na ai dama mun faɗa.

"Mu manoma ne, ranka ya daɗe," ya ce. "'Yan awaki ne da mu."

Sai mutumin ya juyo gare ni ya sauya harshe zuwa Turanci, don ya ba ni ƙofa. Ya ce malam, kai ka san abin da takardar nan za ta zama, gaya mini gaskiya tsakanina da kai, akwai shanu ko babu.

Na sha auna wannan tsayuwar a raina. Kalma ɗaya ce, kuma da harshen da mahaifina ba ya ji. Amma da zarar alƙalami ya motsa, aka fara jan sarƙa a burtali, kowa zai gane abin da na ce. Ga wakilin dagaci, ga mutanen gari, ga surukai, a gabansu ɗa zai ce ubansa maƙaryaci ne. A wurinmu wanda ya yi haka ya gama zama mutum, 'ya'yansa ma sai an goranta musu. Kuma in faɗi gaskiyar da ta fi ɗaci, wani ɓangare na zuciyata ya ce, to in fa tsohon ne ke da gaskiya? In jangali ya dawo, da bakina aka ƙirga su. Mahaifina bai dube ni ba. Dama ba ya dubana, amma ranar na ji nauyin rashin kallon.

Na ce yadda dattijo ya faɗa haka ne.

Mai awon ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya yi rubutu, ya miƙo mini takardar, na sa hannu a ƙasa har da sunan makarantarmu, da kyakkyawan rubutuna na malami.

Ranar Alhamis shanu suka dawo, aka sake kafa bukkoki, dattawa suna dariya suna kwaikwayon yadda mai tabarau ya shaƙi iska. Da yamma baffa ya kawo wa matata ƙwaryar kindirmo da curin man shanu a sama, ya ce daga gidan babba. Ba a taɓa yi ba. Na gane godiya ce, na kasa sha. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce, shiru, ba jangali ba masu awo. Har na fara cewa a raina abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, na fara sakin jiki.

A rani na biyu aka zo da turakun siminti. Na je sakatariya na tarar da taswirar a bango, an yi mata launi. Lambun tsohon Tiga yana nan a bakin rafi, an zagaye shi da ɗan layi. Tsakiyar hurumi an shafa mata kore, an rubuta filin shan iska na gari, wanda za a bari a buɗe: ba gini, ba noma, ba sara, ba kiwo. Gefen da ke gangarawa rafi kuwa an yanka shi fuloti-fuloti kamar sabulu. Na bi da yatsa ina neman burtali, na sake bi. Ba a zana shi ba, kuma ban ga wanda zan tambaya don me ba.

Ban ce shirin mugu ba ne. Gari yana girma, kuma wanda ya ce a bar wa jikoki inuwa bai yi laifi ba. Sai dai mu ba ma cikinsa, da hannunmu kuma muka fitar da kanmu. Aka dasa bishiyoyin darbejiya da turare jere-jere a mashekarinmu, aka sa masu gadi. Saniya ba ta san dashe ba, ta taka, a kama ta a ɗaure a sakatariya, baffa ya yini yana ba da haƙuri. Masu fuloti suka fara sauke yashi da bulo. Kullum burtali yana ƙara tsukewa, kullum samarinmu suna dawowa daga mashaya da jan ido, ni kuma kullum ina tsoron kada wani ya ɗaga sanda a kan magini, don na san inda wannan ke ƙarewa. Ina aji ina rubutu a allo, in na ji ihu daga wajen rafi sai alli ya tsaya. Dattawan da suka yi dariya suka daina haɗa ido da ni, ban sani ba ko don suna ganin na yi musu wani abu ne, ko don su suka yi mini.

Abin da ya karya mahaifina wata farar saniya ce, daga zuriyar wadda ubansa ya ba shi, tana da tsohon ciki. An haƙa ramin tushen gini ya ratsa burtali daga wannan gefe zuwa wancan. Garke ya taho da ƙishi, na baya suna turo na gaba, ta rufta ta karye. Shi da kansa ya sa mata wuƙa. Washegari baffa ya same ni a aji, ya ce babba ya ce in kai shi wurin masu takarda.

Ya sa babbar rigarsa ta idi. Ya ƙi hawa kekena, muka taka, shi a gaba, baffa a tsakiya, ni a baya ina turawa. A ofishin filaye muka tarar mai tabarau ɗin nan ya zo daga Kano duba aiki, ya kuma gane mu. Ya ba mahaifina kujera, ya ƙi, ya tsuguna a siminti ya ajiye sandarsa a gabansa. Akwai akawu biyu da masu jiran takardar fuloti a ɗakin.

"Ranka ya daɗe, ƙarya na yi maka," ya ce. "Shanun namu ne. A wurin aka haife ni."

Ban taɓa jin kunya da tausayi irin na ranar ba. Mutumin da ko yunwa ba ya faɗa a gaban mutane.

Mai awon ya ce ya sani tun ranar. Ya sa aka ɗauko fayil, ya buɗe a kan tebur, ya juyo da shi wajena, ga hannuna. Ya ce taswira ta je sama an amince, an raba fuloti, wasu gine-ginen sun kai linta. Hanya ɗaya ta rage: in wanda ya sa hannu ya rubuta cewa shaidar ƙarya ya bayar, za a iya tura ƙorafi, ko da yake shi ba ya alkawarin komai, kuma ma'aikacin gwamnati da ya rubuta haka a kan kansa ya san abin da zai samu aikinsa. Na ce a ba ni takarda. Da gaske nake, har na zaro biro, rabi don shanu, rabi don in huce.

Mahaifina ya ɗauki sandarsa ya miƙe.

"Ba zai rubuta ba," ya ce wa mai awon. "Ni na sa shi. Iyali gare shi."

Ya fita. Na bi shi waje ina magana, karo na farko a rayuwata kai tsaye, murya sama, a gaban masu sayar da rake a ƙofar sakatariya. Na ce an gaya masa, ni na gaya masa, tsohon Tiga ya gaya masa, ya ƙi, yanzu kuma da za a gyara ya sake ƙi, shi kullum sai abin da ya ce. Na faɗi abin da ya fi haka, ba zan rubuta shi a nan ba. Bai juyo ba. Baffa ne ya riƙe mini hannu ya ce ya isa haka, muka dawo gida.

Kafin ruwan farko aka yanke shawara. Gidaje uku suka rage shanu suka zauna, ciki har da na baffa, biyu suka ce kudu, ciki har da namu. Mutumin da ya haura saba'in, wanda tashi a bakin kakanni kawai ya ji shi. Na aika baffa ya roƙe shi ya bar wa ƙannena shanun su tafi, shi da mahaifiyata su dawo gidana. Amsar da ta dawo gajeriya ce: shi ya kore shanun daga wurinsu, shi zai nemo musu wani.

Hanyarsu ta Tudun Wada ce zuwa Doguwa, daga can su ratsa duwatsu. Na raka su har bakin kwalta. Mahaifiyata tana bayan takarkari da ƙoranta, tana ta waiwaye. Tsohon Tiga ya zo da busasshen kifi a ƙunshe ya miƙa wa mahaifina, suka tsaya tare ba wanda ya ɗauko wancan zancen. Na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya. Ina so in ce ya yafe mini maganar ƙofar sakatariya, na ga mutane, na bari sai na je can na same shi shi kaɗai. Ya ce wa baffa a gaya wa malamin nan ya riƙa duba gona.

Ban je ba a shekarar farko, na ce jarrabawa ce ta hana ni. A ta biyu ma ban je ba, ina jin nauyin abin da zan faɗa. Sau huɗu suka sake wuri, ko'ina sai an ce sun yi kusa da gona. A damina ta uku wani direban motar shanu ya tare ni a kasuwar Dangora ya yi mini ta'aziyyar mahaifina, yana zaton na sani. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Rasuwar ta kwana ashirin kafin ta iso ni, ga koguna sun cika, sai da ruwa ya janye na samu hanya.

Na tarar rugar ta sake tashi, mahaifiyata ta rame ta koma kamar yarinya. Ƙanena ya kai ni tsohon zangon, tafiyar rabin yini. Ciyawa ta fi mu tsawo. Muka yi ta kutsawa har muka samu tarin duwatsu da ƙaya a gindin wata bishiyar da ban san sunanta ba, sai ga wani tarin kuma, taku goma daga nan, na wani baƙon makiyayi da ya rasu a watan. Ƙanena ya tsaya tsakaninsu ya daɗe. Ya ce ranar ana ruwa, kuma hankalinsa ba ya jikinsa, yana jin wannan ne amma ba zai rantse ba.

Na durƙusa a na farko na faɗi abin da na zo faɗa, na yi addu'a. Sannan na tashi na je na biyun na sake faɗa daga farko.